Ƙarafa Masu Guba a Gonaki da Tsirrai Kusa da Mahaƙar Ma'adinai: Tambayoyi da Amsoshi

Me ake nufi da ƙarafa masu nauyi, kuma waɗanne ne suka fi tayar da hankali?

Sunan ya samo asali ne daga nauyinsu, domin galibinsu sun ninka ruwa nauyi sau biyar ko fiye idan aka auna su a mazubi ɗaya. Dalma ta ninka ruwa fiye da sau 11, zaiba kuma, wadda mutane da yawa suka fi sani da makuri, ta ninka shi fiye da sau 13. Sai dai a bakin masana muhalli kalmar ta wuce batun nauyi, ta koma tana nufin duk wani ƙarfe da ɗan kaɗan daga cikinsa ke cutar da mai rai. Shi ya sa ake lissafa asinik a cikinsu, alhali a ilmin sinadarai bai cika zama ƙarfe ba.

Sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda jikin mutum da na tsiro ke buƙata kaɗan, kamar tutiya da jan ƙarfe, waɗanda sai sun yi yawa suke zama guba. Akwai kuma waɗanda ba su da wani amfani a jikin mutum ko kaɗan, wato dalma da kadmiyam da zaiba. Waɗannan ukun tare da asinik suna cikin sinadarai goma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware a matsayin mafi barazana ga lafiyar jama'a, kuma su ne aka fi cin karo da su a inda ake haƙar zinare da dalma da tutiya da jan ƙarfe.

Tunda dama a cikin ƙasa Allah ya halicce su, me haƙa take canzawa?

Gaskiya ne babu turɓayar da ba ta ɗauke da su. Gonar da ba ta gurɓata ba takan ƙunshi dalmar da ba ta wuce 'yan gomomin miligiram ba a kowane kilogiram, kadmiyam kuma ƙasa da miligiram 1. Amma ƙarfen da ke kulle a cikin dutse a can ƙarƙashin ƙasa, inda iska ba ta kai masa, ba ɗaya yake da wanda aka fito da shi fili aka niƙe ba. Haƙa tana yin abubuwa biyu: tana tattaro abin da ke ɓoye zuwa doron ƙasa, sannan tana mayar da dunƙulallen dutse gari mai laushi wanda iska ke kwasa, ruwa ke narkarwa, yaro kuma ke lasa a yatsunsa.

Yawan abin da ake zubarwa shi ne mutane ba su cika lura da shi ba. A mahaƙar zinare, giram kaɗan ake samu daga tan guda na dutse, a ta jan ƙarfe kuwa abin da ake cirewa sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Duk sauran tarkace ne, kuma a cikin tarkacen nan ne ƙarafan da ba su ake nema ba suke zama.

Akwai kuma wata matsalar da ta fi daɗewa. Duwatsun ma'adinai da yawa suna ɗauke da farar wuta, musamman wani dutse mai sheƙi kamar zinare da ake kira fairait. Da zarar ya haɗu da iska da ruwa sai ya fara fitar da asid irin na ruwan batir, wasu ƙwayoyin bakteriya kuma suna ƙara wa aikin sauri. Wannan ruwa mai tsami yana bi ta cikin tarkace yana narkar da ƙarafa, ya fito ja ko ruwan ɗorawa, ya gangara rafi. Kogin Tinto na kudancin Sifaniya, inda aka shafe dubban shekaru ana haƙa, ruwansa ja ne wur, tsaminsa kuma a ma'aunin pH yana kusan 2, wato daidai da ruwan lemun tsami.

Ta waɗanne hanyoyi gubar take isa gona?

Hanya ta farko ƙura ce, daga tulin tarkacen da ya bushe, da injinan niƙa, da manyan motocin da ke jigilar dutse. Ta biyu ruwa ne, ko dai ruwan sama da ya wanke tuli ya malala cikin gonakin da ke gangare, ko kogin da ya gurɓata aka ja shi ban ruwa, ko ambaliyar da ke shimfiɗa laka a fadama. Wannan ta biyun takan kai nesa ƙwarai, har manomin da bai taɓa ganin mahaƙar da idonsa ba ya sami rabonsa. Ta uku hayaƙin masana'antar narka ƙarfe ne, wanda ke sauka a inda iska ta fi kaɗawa. Ta huɗu kuwa mutane ne da kansu, waɗanda ke kai dutse gida su niƙa, ko su koma wa iyalinsu da kayan aiki cike da ƙura, ko su kwashi tarkace su yi ciko da yaɓe.

Fashewar madatsar laka, wato katangar da ke tare lakar tarkacen mahaƙa, ita ce mafi muni, ko da yake ba kullum take faruwa ba. A watan Afrilun 1998 madatsar wata mahaƙa ta ɓalle a Aznalkoyar da ke Sifaniya, laka mai asinik da tutiya da dalma ta bi kogin Gwadiyamar ta rufe sama da hekta 4,000, yawancinsu gonaki. Bayan an kwashe lakar, hukuma ta sayi filayen ta hana noma a cikinsu, ta mayar da su gandun bishiyoyi. A Burumadinyo ta Barazil, a watan Janairun 2019, irin wannan fashewa ta hallaka mutum 270.

Idan aka rufe mahaƙar, gubar ba za ta gushe da kanta ba?

Ba za ta gushe ba. Man fetur da ya zube ko maganin ƙwari da aka fesa suna ruɓewa a hankali, domin haɗe-haɗe ne da rana da ƙwayoyin ƙasa ke iya wargazawa. Dalma kuwa dalma ce, babu abin da za ta ruɓe ta koma. Iyakacin abin da ke faruwa shi ne ta sauya wuri ko ta sauya siffa, kuma da yake tana manne wa yumɓu da ruɓaɓɓen ganye ƙam, takan zauna a saman ƙasa ɗaruruwan shekaru, daidai inda yara ke wasa kuma fartanya ke tonawa.

Garin Kabwe na Zambiya shi ne misalin da aka fi kawowa. An yi kusan shekara 90 ana haƙa da narka dalma da tutiya a can, aka rufe a 1994, amma har yanzu tulin tarkacen yana nan, kuma gwaje-gwajen da aka yi shekaru da yawa bayan rufewar sun ci gaba da nuna dalma mai yawa a jinin yaran unguwannin da ke kusa, yaran da ba a ma haife su ba lokacin da ake aikin.

Ana iya gane gurɓatacciyar gona da ido?

Wani lokaci, amma dogaro da ido kuskure ne babba. Idan jan ƙarfe ko tutiya ko nikel suka yi yawa, shuka takan tsumbure, sabon ganye ya ɗashe ya yi fari-fari, saiwa ta gajarce ta yi kauri kamar an datse ta, wani wurin ma ya zama faƙo, ko ciyawa ba ta fitowa. Waɗannan alamun suna kama da na ƙarancin taki, shi ya sa manomi kan ƙara zuba taki ya ga babu canji.

Abin lura shi ne, ƙarafan da ke nuna kansu a ganye su ne mafi sauƙin haɗari ga mai ci, domin sukan kashe shukar kafin su taru a cikinta yadda za su cutar da mutum. Kadmiyam ba haka yake ba. Ganye na iya fitowa kore shar, faffaɗa, mai ban sha'awa, alhali yana ɗauke da kadmiyam da ya wuce ƙa'ida, kuma ba ya canza ɗanɗano ko ƙamshi. Haka dalma: filin da ke cike da ita bai bambanta da sauran filaye ba a ido. Yabanya mai kyau shaida ce cewa shukar tana lafiya, ba shaida ce cewa mai cin ta zai zauna lafiya ba.

Yaya tsiro ke shan waɗannan ƙarafa, kuma me ya sa gona biyu masu yawan ƙarfe ɗaya suke bambanta?

Saiwa ba ta shan ƙarfen da ke manne a ƙwayar ƙasa, sai wanda ya narke a cikin danshin da ke kewaye da ita. Tana da ƙofofi na musamman da take shigar da abincinta, kuma gubar tana yin shigar burtu ne ta waɗannan ƙofofi. Kadmiyam yana bin ƙofar tutiya da manganis domin ya yi kama da su. Asinik yana bin ƙofar fosfet a busasshiyar ƙasa, a ƙasar da ruwa ya kwanta kuma yana bin ƙofar silikon. Dalma ita ce mafi nauyin jiki, domin mafi yawan wadda ta shiga takan maƙale a saiwa, kaɗan ce ke hawa sama.

Saboda haka yawan ƙarfen da ke cikin ƙasa rabin labari ne. Sauran rabin shi ne nawa ne daga cikinsa yake sake. Babban abin da ke yanke wannan hukunci shi ne tsamin ƙasa: da zarar pH ya sauka ƙasa da 6, wato ƙasar ta ƙara tsami, kadmiyam da tutiya suna ƙara narkewa, kuma kamar yadda aka gani a sama, ruwan mahaƙa shi kansa mai tsamar da ƙasa ne, sai abin ya zama goma da goma. Ƙasa mai yumɓu da wadataccen ruɓaɓɓen taki tana riƙe ƙarfe ta hana shi motsi, jigawa mai rairayi kuwa tana sakin sa cikin sauƙi zuwa saiwa ko zuwa ruwan rijiya. Gishiri a ruwan ban ruwa shi ma yana ƙara wa kadmiyam tafiya.

Duk amfanin gona haɗarinsu ɗaya ne?

A'a, kuma wannan bambanci yana da amfani ga wanda ba shi da wata gonar da zai koma. Kayan ganye irin su alayyafo da latas su ne kan gaba wajen tara kadmiyam, kuma faɗin ganyensu yana tare ƙura. Masu yin ƙwaya a cikin ƙasa kamar karas da dankali suna biye, ko da yake yawancin abin da ke jikinsu yana a bawo da ƙasar da ta manne masa. Masu 'ya'ya kamar tumatir da kabewa da 'ya'yan itatuwa su ne suka fi tsira, domin tafiya daga saiwa zuwa ɗa tana da shingaye da yawa. Masara ma ba ta cika kai ƙarfe cikin ƙwayarta ba. Ganyen taba yana tara kadmiyam sosai, abin da ya sa jinin mashaya sigari ya fi na sauran mutane yawansa.

Shinkafa ce ta fita daban, kuma matsalarta mai baki biyu ce. Idan aka bar ruwa ya kwanta a fadama har girbi, kadmiyam yana ɗaurewa da farar wuta ya lafa, amma a daidai wannan yanayi ne asinik ke kwancewa ya shiga ƙwaya. Idan kuma aka janye ruwan ƙasa ta sha iska, asinik ya ragu, kadmiyam ya taso. Duk abin da manomi ya yi don ya guje wa ɗaya yana buɗe wa ɗayan ƙofa ne, don haka babu shawara guda da za ta yi wa kowace fadama, sai an san wane ƙarfe ne ya fi yawa a cikinta. Ƙasar Sin ta daɗe tana fama da wannan a lardin Hunan, wanda ya shahara da shinkafa da ma'adinai a lokaci guda, kuma binciken ƙasa baki ɗaya da gwamnatinta ta fitar a 2014 ya nuna cewa kashi 19.4 cikin 100 na samfurin ƙasar noma ya wuce ƙa'ida, kadmiyam ne kuma ya fi yawa.

Shin ta abinci ne kawai gubar ke shiga jiki?

Nan ne aka fi yin kuskure. Kowane ƙarfe da hanyar da ya fi bi. Kadmiyam ta abinci yake zuwa, asinik ta ruwan sha da shinkafa, zaiba ta kifi da tururi, dalma kuwa babbar hanyarta ita ce ƙura da ƙasar da ke shiga baki kai tsaye. Ƙaramin yaro yana rarrafe, yana sa hannu a baki, yana cin abin da ya faɗi ƙasa, kuma hanjinsa yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Idan cikinsa babu abinci, ko yana da ƙarancin sinadarin ayan mai ƙara jini da kalsiyam a jiki, abin ya fi haka.

Abin da ya faru a jihar Zamfara ta Najeriya a 2010 ya nuna haka ƙarara. Tashin farashin zinare ya sa mutane suka riƙa kawo dutse cikin ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, ana dakawa ana niƙawa a busashe, ana shanyawa a tsakar gida, ba tare da sanin cewa dutsen cike yake da dalma ba. An ruwaito cewa agwagi ne suka fara mutuwa, ba a ɗauki abin da muhimmanci ba, sannan yara suka fara amai da jijjiga da suma. Yaran da suka rasu sun kai 400 ko fiye. A binciken da aka yi a ƙauyuka biyu, an tarar cewa ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara 5 ba ya rasu a cikin shekara guda. A 2015 makamancin haka ya sake faruwa a yankin Shikira na jihar Neja. A duka wuraren biyu, ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafa ce ta fi yin ɓarna, ba hatsin da ke tsaye a gona ba, kuma gurɓatar da ta sami hatsi ta fi zuwa ne bayan girbi, daga shanya a ƙasa da niƙa a inda aka niƙa dutse.

Wace illa suke yi wa jiki?

Dalma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Mai yawa tana kawo jijjiga da mutuwa, kaɗan kuwa tana rage kaifin basira da natsuwar yaro ba tare da an ga wani ciwo ba, kuma wannan rashi ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizani na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. A jikin babba tana kawo hawan jini da ciwon ƙoda, tana kuma taruwa a ƙashi shekaru da dama, sai mace ta ɗauki ciki ta fito daga ƙashin ta isa ga ɗan tayi. Asinik yana kaurara fatar tafin hannu da ta ƙafa, yana kawo sankarar fata da huhu da mafitsara.

Kadmiyam a ƙoda yake sauka, kuma kafin rabinsa ya bar jiki sai an yi shekara 10 zuwa 30. An san wannan ne daga kwarin kogin Jinzu da ke yankin Toyama a Japan, inda ruwan da ya biyo ta mahaƙar Kamiyoka ya shayar da gonakin shinkafa shekaru da yawa. Waɗanda abin ya fi kamawa mata ne masu shekaru da suka yi haihuwa da yawa: ƙoda ta lalace, ƙashi ya yi laushi har tari kaɗai na iya karya haƙarƙari. An sa wa cutar suna itai-itai, wato kukan da majinyatan ke yi saboda zafi. A 1968 gwamnatin Japan ta amince cewa kadmiyam ne sanadi.

Ina labarin zaiba, da dabbobi da kifi?

Zaiba ta bambanta da sauran domin galibi ba daga dutsen take fitowa ba, kawo ta ake yi. Ƙananan masu haƙar zinare suna cuɗa ta da niƙaƙƙen dutse ta kama zinaren, sannan su ƙona dunƙulen ta tashi ta bar shi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna cewa wannan sana'a ce kan gaba wajen sakin zaiba a sararin sama, da kusan kashi 38 cikin 100 na duk wadda ɗan Adam ke saki. Wadda ta shiga ruwa, bakteriya na cikin laka suna mayar da ita wani nau'i mafi guba, ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye ƙaramin, tana ta ninkuwa. Shi ya sa manyan kifaye masu cin 'yan uwansu suka fi haɗari, musamman ga mai ciki. Yarjejeniyar Minamata ta ƙasashen duniya kan zaiba, wadda aka ƙulla a 2013 ta kuma fara aiki a 2017, ta wajabta wa ƙasashen da wannan sana'a ta yi yawa a cikinsu su tsara yadda za su rage amfani da zaiba.

Dabbar kiwo kuwa ba ciyawa kaɗai take ci ba, tana haɗiyar ƙasa da yawa, musamman lokacin da ciyawa ta gajarce. Ƙarfen yana taruwa a hanta da ƙoda fiye da tsoka, kuma tsohuwar dabba ta fi ƙarama tarawa.

Yaya ake gwada ƙasa, kuma waɗanne lambobi ne ake dubawa?

Ba a ɗibar ƙasa daga wuri ɗaya a ce an gwada gona, domin gurɓata ba ta shimfiɗuwa daidai. Ana ɗiba ne daga wurare da dama a haɗa, da cokalin roba ko na ƙarfe mara tsatsa, a zuba a leda mai tsabta a rubuta wurin. Don shuka ana tonawa har santimita 20, don ƙurar tsakar gida kuwa saman nan kaɗai ake kankarowa. Wajibi ne a ɗauko samfur daga wuri mai nisa mai irin dutsen yankin, domin wuraren da ke da ma'adinai dama sukan fi sauran yawan ƙarfe tun kafin a fara haƙa. Akwai na'urar hannu ta XRF wadda ake ɗorawa a ƙasa ta ba da sakamakon dalma cikin minti guda ko biyu, amma ba ta iya ganin ɗan kadmiyam da ke da haɗari a abinci, wannan sai ɗakin gwaje-gwaje. Ya kamata a auna pH tare, a kuma gwada sashen shukar da ake ci.

Game da lambobi, kowace ƙasa da dokarta. Amurka ta daɗe tana amfani da miligiram 400 na dalma a kilogiram a matsayin iyaka ga wurin wasan yara, a 2024 kuma ta sauke mizanin fara bincike a gidaje zuwa 200. A abinci, ƙa'idar Kodeks ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa miligiram 0.4 na kadmiyam a kilogiram na gyararriyar shinkafa, 0.2 a kayan ganye, dalma kuma 0.3 a kayan ganye. A ruwan sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa maikurogiram 10 a lita ga dalma da asinik, 3 ga kadmiyam.

Wankewa da dafawa suna cire gubar?

Wankewa tana cire ƙurar da ke saman ganye, fere bawo da zubar da ganyen waje ma suna taimakawa, kuma da yake yawancin dalmar da ke jikin kayan lambu a waje take, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma abin da ya riga ya shiga cikin nama ba ya fita, wuta kuma ba ta kashe ƙarfe. Tafasa ruwan sha ba ya rage dalma ko asinik, ƙara musu kauri ma yake yi idan ruwan ya ƙone. Dafa shinkafa a ruwa mai yawa a tsiyaye yana rage asinik da kusan rabi, da sharaɗin ruwan shi kansa mai tsabta ne.

Ana iya gyara ƙasar da ta riga ta gurɓata?

Ana iyawa, kuma hanyoyin biyu ne: ko a kwashe ƙarfen, ko a ɗaure shi a inda yake. Kwashewa ita ce ta fi tabbas kuma ta fi tsada. A ƙauyukan Zamfara an kankare saman ƙasar gidaje da fartanya da shebur, aka binne ta a ramuka na musamman, aka shimfiɗa sabuwa. A kwarin Jinzu an canza ƙasar gonaki hekta 863, aikin da aka fara a 1979 ba a gama ba sai 2012. Shekara 33 ke nan a ƙasa mai arziki, kan fili da bai kai girman ƙaramin gari ba.

Ɗaurewa ita ce ta fi dacewa da faffaɗan fili. Farar ƙasa tana rage tsami ta hana kadmiyam da tutiya narkewa, fosfet yana haɗuwa da dalma su zama wani dutse da ba ya narkewa da sauƙi, ruɓaɓɓen taki da garin gawayi suna kama ƙarfe, ciyawa mai zurfin saiwa kamar jema kuma tana rufe tuli ta hana ƙura tashi. A Sadbari ta Kanada, inda hayaƙin narka nikel ya mayar da tuddai baƙi ƙirin babu tsiro, da farar ƙasa da irin ciyawa aka fara farfaɗo da su a 1978, daga baya aka dasa miliyoyin bishiyoyi. Sai dai ƙarfen yana nan, kuma idan ƙasar ta sake yin tsami zai farka. Akwai kuma tarko: farar ƙasa da fosfet, waɗanda ke kwantar da dalma, suna iya tayar da asinik. Wanda ya zuba su ba tare da gwaji ba yana iya gyara ɗaya ya ɓata ɗaya.

Gaskiya ne akwai tsirrai masu zuƙe ƙarfe daga ƙasa?

Akwai su, ɗaruruwa, yawancinsu masu tara nikel. A tsibirin Sabuwar Kaledoniya da ke tekun Fasifik akwai bishiyar Pycnandra acuminata, wadda ƙaronta shuɗi-kore ne saboda kusan rubu'insa nikel ne idan ya bushe. A 2001 masu bincike a Jami'ar Fulorida suka bayyana cewa tsiron Pteris vittata yana tara asinik a ganyensa fiye da abin da ke cikin ƙasar da yake tsaye a kai nesa ba kusa ba. A Zambiya da yankin Katanga na ƙasar Kwango akwai furannin da masu neman ma'adinai suka daɗe suna bi don gano inda jan ƙarfe yake.

Amma an fi yabon wannan hanya fiye da abin da ta iya. Yawancin tsirran ƙanana ne masu jinkirin girma, saiwarsu ba ta wuce saman ƙasa, kuma fili mai gurɓata sosai zai ci gomomin shekaru ko fiye kafin ya tsarkaka. Ga dalma ma da ƙyar take aiki, tunda dalma ba ta son hawa ganye. Abin da aka girbe kuma shara ce mai guba, ba a ba dabba, ba a yin taki da shi, ba a ƙona shi a fili. Ta fi amfani a gonar da kadmiyam ko asinik ya ɗan wuce ƙa'ida kaɗan.

Idan gwaji ya nuna yaro yana da dalma a jini, me ya sa ba a ba shi magani nan take?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga maikurogiram 5 a desilita na jini a nemo inda dalmar take fitowa a raba yaron da ita. Maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, irin su sukzima da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi amfani da shi a Zamfara, sai abin ya kai wajen 45 ake fara bayarwa, domin shi ma yana da nasa illolin, yana fitar da tutiya da jiki ke buƙata, kuma ba ya mayar da abin da ƙwaƙwalwa ta riga ta rasa. Sannan idan yaro ya sha maganin ya koma gidan da ƙurar take, jininsa zai sake cika cikin 'yan makonni. Wannan ne ya sa likitoci a Bagega suka jira har aka saki kuɗin kwashe ƙasa aka fara aikin a 2013, kusan shekara uku bayan gano matsalar, sannan suka fara yi wa yaran garin magani unguwa bayan unguwa, kowace unguwa bayan an gama share ta.